Ranar da Na Ƙi Cin Sadaka a Balut

Abin da ya fi ƙona mini rai bayan na tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki shi ne ladabin da mutane suka koma yi mini. Hannun dama da ya mutu na haƙura da shi, ƙafar da nake ja ma mun saba da juna. Amma a ce mutanen da muka yi shekara da shekaru muna zagin juna a kan kati su koma yi mini magana a hankali, suna kallon bakina, suna gyaɗa kai tun ban ƙarasa ba, wannan ya fi ƙarfin haƙurina.

Mu huɗu ne. Akwai mai gidan da muke taruwa, wanda kowa yake kira Yaya saboda ya girme mu. A Makka aka haife shi, kakanninsa ne suka zo ta Sudan da ƙafa, don haka Hausarsa rabi Larabci ce, in ya fusata kuwa sai Hausar ta gudu gaba ɗaya. Akwai wani direba mara magana, shi ne abokin wasan Yaya. Akwai tela mutumin Maraɗi, abokin wasana. Sai ni, mai gyaran wuta, da na zo daga Kano da iƙama, wato takardar izinin zama, na ce shekara biyu zan yi in koma, furfura ta same ni a nan Makka. A unguwar Jarwal muka san juna, lokacin gidajenmu suna jingine da juna. Da aka yi rusau a gefenmu muka watse, Yaya ya koma Rusaifa, ni na samu ɗaki biyu a Zahir. Abin da ya rage mana na tsohuwar unguwa shi ne zaman Juma'a bayan la'asar a ɗakin baƙin Yaya, hawa na biyu, a kan jar darduma, muna buga balut.

Balut wasan kati ne na mutanen ƙasar nan. Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, abokinka yana zaune yana fuskantarka. Ba ma sa ko riyal ɗaya a ciki, kuma da an kira salla ake kife kati a tashi. Abin da ake ci kawai bakin magana ne, wanda ya yi nasara ya yi mako guda yana yi wa ɗan'uwansa tsiya. Ni kuwa a cikinmu an san ni da ƙirga. Kati talatin da biyu ne a wasan, iri huɗu, kowane iri takwas, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa yana kaina. Yaya yana cewa ni ba mutum ba ne, mitar wuta ce.

Ciwon ya kwantar da ni watanni. Sun zo duba ni, Allah ya saka musu, sun kawo dabino da zamzam da addu'a. Da na fara takawa da sanda, sai na ce wa matata Juma'ar nan zan je Rusaifa. Ta ce bene hawa biyu fa, Malam. Na ce ai ba a kaina zan ɗauko benen ba. Na tari mota na tafi, na hau matakalar nan ina hutawa ina zufa, na tura ƙofa.

Na tarar da wani a wurina. Surukin Yaya ne, mai sayar da turare, mutum mai fara'a wanda ba shi da laifin komai, amma a ranar da zan iya da na rufe shi da duka. Yana zaune daidai inda nake zama, bayansa jingine da matashin da ya lotsa da siffar bayana. Suka tashi gaba ɗaya suna marhaban, marhaban. Aka kawo mini kujerar roba aka ajiye kusa da na'urar sanyi, aka sa mini matashi, aka miƙo shayi an riga an fifita shi kamar za a ba jariri. Na jira a ce in zauna a raba da ni. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, “Istarih, ya shekh, ka huta. Kallo ma daɗi ne.”

Na yi kallo a ranar. Na yi kallo Juma'ar da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta. Daga kan kujerar nan ina ganin mai turare yana zubar da katin da ko akuya ba za ta zubar ba, tela yana cije leɓe yana haƙuri. In na buɗe baki zan yi magana, harshena ya yi nauyi, kalmar ta fito a karkace, sai duk su yi tsit su jira ni da fuskar ta'aziyya. Direba har cewa yake “sadaƙta”, wato ka yi gaskiya, tun bai ji me na ce ba. Wata rana da gangan na ce masa motarsa ta fi shi hankali, ya ce sadaƙta.

Abin da ba su sani ba shi ne ciwon bai taɓa ƙirgata ba. A asibiti ma, lokacin da ban iya kiran sunan matata daidai ba, ina kwance ina raba kati a cikin kaina ina bugawa. Matsalata ɗaya ce, yadda zan riƙe kati takwas da hannu ɗaya in kuma zaro da shi. Na gwada matse su a gwiwa, suka zube. Na gwada maƙale su a littafi, suka kwanta. Matata tana tsintar shinkafa tana kallona, can sai ta turo mini kwanon gabana. Na soka kati ɗaya a cikin ɗanyar shinkafar, ya tsaya cak. Na soka takwas, suka jeru suna kallona. Ta ce, “In ka dawo ka dawo mini da shinkafata, ba kyauta na ba ka ba.”

Juma'ar da ta zo na hau benen da kwanon a cikin leda. Ban nufi kujerar roba ba. Na jingina sanda, na dafa bango, na sulale na zauna a bakin darduma, na ajiye kwanon shinkafa a gabana. Suka bi shi da kallo. Tela ya ce, “Mi kaka shirin yi, walima?”

Na ce, “Wasa zan yi. Wurina nake so.”

Mai turare ya fara tattara rigarsa zai tashi, Yaya ya ɗaga masa hannu. Ya juyo gare ni da muryar nan tasa ta lallashi. Ya ce likita ya hana ni tashin hankali, balut kuwa duk hawan jini ne. Ya ce in wani abu ya same ni a gidansa me zai gaya wa iyalina. Ya ce ba don komai ba ne wallahi, don ni ne. Na bar shi ya gama, domin ni ma ina bukatar lokacin da zan jera kalmomina su fito a miƙe.

Na ce, “Wasa ɗaya. In aka ci ni, na bar wurin har abada, ba zan sake tambaya ba. In na ci, a ɗauke kujerar can daga ɗakin nan.”

“La, la, ba sai an kai ga haka ba.”

“An kai.”

Tela ya dube ni ya ce, “Kai dai taurin kanka bai shanye ba.” Wannan ce magana ta farko mai daɗi da na ji a ɗakin tun dawowata. Yaya ya ja gemu, sannan ya ce, “Tayyib. Kai ka faɗa da bakinka, kowa ya ji.” Mai turare ya koma kan kujerar roba, ni na ja jiki na koma wurina.

Ba zan ce na yi abin mamaki a farkon wasan ba. Hannun hagu bai saba ba, ina jinkiri, sau biyu kati ya kuɓuce mini ya faɗi a kife sai da tela ya juya shi. Shinkafa ta watsu a darduma. Amma maki yana tafiya kafaɗa da kafaɗa, mu ci su ci, har muka zo gab da ɗari da hamsin da biyu inda wasa yake ƙarewa. Aka yi rabon da kowa ya san shi ne na ƙarshe. Na duba abin da ya tsaya a cikin shinkafa, ba laifi, ba kuma abin tinƙaho ba. Na ce na saya. A balut wanda ya ce ya saya ya ɗauki alkawarin shi da abokinsa za su ci fiye da rabin makin rabon. In mun cika, mun fita, wato mun ci wasan, wurina ya dawo. In mun gaza, duka makin ya koma wa abokan hamayya, su fita, ni in koma kujerar roba ko in koma gida.

Irin wasan da na saya babu wani kati mai yanka, babba kawai ke cin ƙarami a cikin irinsa. Ikka ce babba, sai goma, sai shayib, wato tsoho mai gemu, sai bint, wato yarinya, sai walad, wato yaro, sai ƙananan. Doka kuma ita ce duk irin da aka fara jefawa, in kana da shi dole ka bi da shi. Sannan wanda ya ci zagayen ƙarshe yana da ƙarin maki goma, shi ake kira ƙasa.

Na fara da ikkar subit, baƙin katin nan mai kama da kan mashi. Direba ya jefa bakwai, tela ya jefa takwas, Yaya ya jefa bint. Na riƙe wannan a kaina. Yaya marowaci ne a kati, ba ya ba ka mai maki in yana da wanda ba shi da maki. Tunda ya ba ni bint, ko dai ita kaɗai gare shi, ko kuma abin da ya rage masa ya fi ta tsada. Yaya ya ci zagaye na biyu, wasa ya koma hannunsa, ya buga diman, jan katin nan mai kusurwa huɗu, sau biyu a jere, ikka da goma, yana dukan darduma da su. A karo na biyu direba da tela duk ba su bi ba, diman ta ƙare musu. Direba ya zuba wa abokinsa walad na subit, tela ya yar da tara. Na ci zagaye biyu da suka biyo baya, sai ya rage wa kowa kati biyu, kuma ni ne zan fara.

Abin da ke tsaye a cikin shinkafata tsofaffi biyu ne, shayib na diman da shayib na subit. Na zauna ina kallon su. Diman shida sun faɗi, saura nawa da takwas, kuma takwas ɗin nan ba ta da wurin zama sai hannun Yaya, tunda sauran biyun sun nuna ba su da ita. Don haka shayib ɗina na diman babu mai cin sa. Subit ma shida sun faɗi, saura nawa da goma, goma kuwa ta fi shayib. Ina take? Da tana wurin tela da ya ba ni ita a kan ikkata tun farko, haka yake yi shekara da shekaru. Da tana wurin direba da ya zuba wa abokinsa ita maimakon walad, mutumin nan ba ya iya riƙe babban kati ya kai minti ɗaya. Saura Yaya, mai son ya ɓoye babba ya ci ƙasa da shi ya yi dariya. Zuciyata ta ce katinsa biyu su ne gomar subit da takwas ɗin diman.

Duk wanda ya zauna a wurina, abin da hannunsa zai fara kaiwa shi ne shayib na diman, ya ci abin da yake tabbas. Na auna makin da ke gabanmu, na ga in na yi haka na mutu. Zan ci wannan zagayen, sannan in jefa subit, Yaya ya danne da goma, ya kwashe ƙasa, mu gaza da kaɗan. Hanya ɗaya ce ta rage, in ba shi tsohon subit yanzu ya cinye. In ya ci, shi zai fara zagayen ƙarshe, kuma ba abin da zai rage masa sai takwas ɗin diman, ya kawo ta da hannunsa har bakin tsohona, in kwashe ƙasa mu fita. In kuma na yi kuskure gomar tana wurin direba, to duka biyun sun tafi, za a ce ciwo ya cinye mini kai.

Na daɗe ina tunani, na sani. Na'urar sanyi tana ta gunji, mai turare ya daina kurɓar shayi. Ina ji a jikina suna satar kallon juna, irin kallon da ke cewa bawan Allah ya rikice, a yi masa haƙuri. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi da rabona da shi tun kafin in faɗi. Na zaro shayib na subit na buga shi a tsakiyar darduma da duk ƙarfin da hannun hagu yake da shi.

Direba ya jefa wani kati na daban. Tela ya dubi tsohon nan, ya dube ni, ya saki ajiyar zuciya, ya jefa mafi ƙanƙantar abin da yake da shi. Fuskarsa ta gaya mini ya ɗauka na manta goma ba ta fita ba. Ban ji haushinsa ba, ƙaramin nan shi nake so ya jefa. Saura Yaya.

Yaya ya dubi katinsa. Ya dubi kwanon shinkafa, ya dubi hannuna na dama da ke kwance a cinyata. Yatsansa ya taɓa kati ɗaya, ya tsaya, ya koma ɗayan. Ya ajiye takwas ɗin diman a hankali, ba duka, ba tsiya, ya ce, “Mabruk, ya shekh. Naka ne.” Ɗayan katin kuma ya kife shi a ƙarƙashin tafinsa yana turawa wajen tarin da aka riga aka ci, yadda ake yi in an sallama, don ya shige cikin 'yan'uwansa ba wanda ya gani.

Ga takwas ɗin diman kwance a gabana, daidai inda na ce tana. Lissafina ya fita tsaf. Amma maimakon murna sai fushi ya kama ni. Mutumin nan ya ga tarkon da na yi zufa na haƙa, ya ɗauka rami ne na faɗa, ya miƙo mini hannu. Da na yi shiru, shi ke nan, tela ya rungume ni, a fitar da kujerar roba, in dawo wurina. Sannan kowace Juma'a in zauna ina kallon Yaya, duk katin da na ci in tambayi kaina ko ci na yi ko ba ni aka yi.

Na ɗora hannuna a kan nasa kafin katin ya shige. Na ce, “Buɗe.”

“Halas, wasa ya ƙare, kun fita.”

“Buɗe, Yaya. Gomar subit ce.”

Wannan karon kalmomin sun fito a miƙe, ko don fushi ne ban sani ba. Yaya ya yi ƙoƙarin janye hannunsa, na danne. Hannun hagu ne, amma hannun da ya yi watanni yana ɗaukar nauyin jiki duka ne. Tela ya miƙo hannu ya zare katin daga ƙarƙashinmu ya juya. Gomar subit ce.

A dokar balut, wanda yake da irin da aka jefa ya ƙi bi, ya yi laifi, kuma in aka kama shi ana kiran abin ged, makin rabon duka ya koma wa waɗanda suka kama. Tela ya san haka, ya daka tsalle a zaune. “Ged! Wallahi ged ne! Mun hita, ɗauki abinka mu tashi!” Direba ya buɗe baki yana kallon abokinsa. Yaya kuwa fuskarsa ta yi jawur, a gidansa, gaban surukinsa, an kama shi da ɓoye kati kamar ɗan tasha.

Ya ce, “Esh bak, me ke damunka, kai? Don Allah na yi! Don in rufa maka asiri!”

“Wa ya ce maka asirina a buɗe yake?”

“Ka jefa shayib goma tana waje! Mai hankali yana haka?”

“Ni na roƙe ka? Bara na zo yi gidanka da kwanon nan?”

Ya koma Larabci gaba ɗaya, ni ma na bi shi da nawa Larabcin na kasuwa, harshe yana sarƙewa ina turawa. Rabon da wani ya ɗaga mini murya tun kafin ciwo, kuma wallahi na ji daɗinsa har ƙashina. Da muka gaji, sai ya watsa hannu ya ce to ga doka nan, in ɗauki ged in fita, ya yarda ya yi laifi. Na ce ba na so. Ged ana kama ta ne a kan wanda ya yi maguɗi don ya ci, wannan ya yi ne don in ci, in na karɓa ai sadakar ce dai ta shigo ta wata ƙofa. Tela ya ce to a mayar da katin a ƙarasa yadda ya kamata. Direba, wanda bai ce uffan ba tun la'asar, ya ce ba zai yiwu ba, an ga katin kowa, rabon ya lalace. Gaskiya ya faɗa.

Na ce, “A sake rabawa.”

Tela ya riƙe kai. “Kai, ka ji tsoron Allah. Nasara tana hannunmu kaka zubarwa? In munka hwaɗi hwa?”

“In mun faɗi mun faɗi.”

Aka tattara, Yaya ya yanka, direba ya raba. Na jera nawa a cikin shinkafa, na gan su, na san an gama da ni. Bakwai, takwas, tara, bint ɗaya tilo kamar marainiya. Ba abin da ƙirga za ta yi wa wannan. Yaya ya saya tun kafin a gama numfashi. Ya buga wasan nan kamar mai rama gayya, kowane kati sai ya ɗaga shi sama ya maka a darduma har shinkafa tana tsalle. Bai sassauta ko sau ɗaya ba, bai dubi hannuna na dama ba. Na ƙirga duk da haka, na san kowane kati kafin ya faɗo, na kalle su suna tafiya. Ba mu ci zagaye ko ɗaya ba.

Ba wanda ya yi dariya. Na tsince shinkafar da ta zube gwargwadon iyawata na mayar kwano, na ɗaure leda. Mai turare ya taso zai kama ni, na ce ya bari. Na dafa bango, na ja sanda, na miƙe a karo na biyu bayan na farko ya ƙi. Tela ya fara cewa ai maganar ɗazu wasa ce, ba wanda ya riƙe ta. Na ce ni na riƙe. Na yi musu sallama na fita.

Na sauka 'yan matakala kaɗan sai na ji ƙofa ta buɗe a bayana. Yaya ne, ba takalmi. Fushin ya sauka, ya tsaya yana shafa gemu.

Ya ce, “Tun yaushe ka san tana hannuna?”

“Tun da ka ba ni bint.”

“To ka san tana nan, don me ka jefa shayib?”

Na juyo na dube shi sosai. Na ce, “Da ka ci da gomarka, da me za ka fito?”

Na ga idonsa ya tafi, yana mayar da katin wurarensu, yatsunsa suna motsi a gefen riga. Takwas ɗin diman. Tsohona yana jiranta. Ƙasa. Na ga lokacin da lissafin ya iso masa, domin sai da ya dafa ƙarfen matakala.

“La ilaha illallah,” ya ce a hankali. “Kai ne da wasan.”

“Ni ne da shi.”

“Ka dawo. Wallahi ka dawo, yanzu a fitar da kujerar, ni da kaina zan jefar da ita ta taga.”

“Na ce in aka ci ni na bar wurin. An ci ni, kowa ya gani.”

“Ba a ci ka ba, ya ahi! Ni na ɓata!”

“To ka riƙe wannan, ni na riƙe nawa.”

Ya sauko mataki biyu ya miƙo hannu zai kama gwiwar hannuna, sai ya tsaya da hannun a sama, ya mayar da shi. Na juya na ci gaba da sauka, sanda, ƙafar hagu, sannan in jawo ta dama. Ina jin numfashinsa a sama, bai koma ciki ba, bai kuma biyo ni ba.

Ya aiko tela gidana sau da yawa bayan nan, ya zo da kansa ma, mun ci abinci, mun yi hira, mun yi sallar magariba sahu ɗaya. Zumunci bai yanke ba. Amma ban sake zama a kan jar dardumar nan ba har ya rasu. Ranar jana'izarsa, bayan mun fito daga Harami, tela ya gaya mini a cikin mota cewa tun daga waccan Juma'ar Yaya bai sake yarda an raba da shi ba. Yakan shimfiɗa musu darduma, ya kawo shayi, ya samo musu na huɗu, shi kuma ya koma gefe ya zauna yana kallo.